Pukara, sabara da raɓa: amsar tambayoyi biyu

Wata ɗaliba mai karatun ilimin tsirrai a Zariya ta rubuto: "Malam, an ba ni aikin rubutu da Hausa a kan wani ɗan itace mai fure da ke fitowa a hamadar tsakiyar Ostareliya, masana na kiransa Aluta maisonneuvei. Na ga hotonsa, ya yi mini kama da sabara. Ko in kira shi sabarar Ostareliya?"

'Yata, kada ki kira shi haka. Kama da wane ba ta wane. Na san abin da ya ja ki: dukansu ba su da kututture guda, rassa suke watsawa tun daga ƙasa, kuma dukansu 'yan jigawa ne masu jure fari. Amma sabara dangin geza ce da marke da baushe. Kuma Bahaushe in ya ji "sabara" ba siffa kaɗai yake ji ba, magani yake ji, da wankan jego, da hayaƙin da ake yi wa shanu don korar ƙuda. Kin ɗora wa baƙon itace wannan suna, kin ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Danginsa na gaskiya suna nan a gidanmu, ba mu dai lura ba ne. Gwaba ce, da kanumfari, da malmo na bakin rafi, da itacen turare wanda wasu ke kira zaiti, wanda shi ma daga Ostareliyar aka kawo shi aka dasa a Kano da Jigawa don tare iska da hamada. Alamar gidan ita ce mai a cikin ganye. Ki murtsuke ganyen gwaba ko na turare ki shinshina, wannan ƙamshin shi ne shaidar zumuncinsu.

To dubi yadda sunayen nan suka shigo. Kanumfari daga Larabci ne, ƙaranful, ko da yake itacen ɗan tsibiran Maluku ne na Indonesiya, kuma abin da muke jefawa a kunu da zoɓo furensa ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Gwaba daga nahiyar Amurka ta taso, sunanta ya iso mu ta bakin Turawa. Zaiti kuwa kalmar Larabci ce ta mai. Kakanninmu ba su ce wa kanumfari "kimbar Larabawa" ba. Sun karɓi abu da sunansa, suka lanƙwasa shi yadda harshe zai ɗauka.

Haka nake so ki yi. Mutanen Anangu, waɗanda ke zaune a kewayen dutsen Uluru na tsakiyar Ostareliya tun kafin zuwan Bature, suna kiran itacen da kika tambaya pukara. Sunan masana ma ai sauyawa yake: masanin tsirrai Ferdinand von Mueller ya sa shi a jinsin Thryptomene a ƙarni na 19, sai a 2000 aka mayar da shi Aluta. Na masu ƙasa bai motsa ba. Ki rubuta: "pukara, ƙaramin itace ne mai ƙananan ganye da fure fari-fari ko mai ɗan ja, dangin gwaba da kanumfari, yana fitowa a kan tuddan jan rairayi." Bakin Bahaushe zai ce fukara, kamar yadda ya yi da fensir da famfo da fasinja, kuma ba laifi. Ki dai kiyaye kada ki sa wa k ƙugiya, don fuƙara'u wata kalma ce daban, jam'in faƙiri.

Tambaya ta biyu daga wani tela ce a Maraɗi, yana so a fayyace masa "baƙo raɓa ne".

Malam, raɓa da dare take sauka, hantsi na dubawa ta ɗauke. Ana faɗa wa mai gida wannan karin magana ne in baƙo ya fara yi masa nauyi: ya yi haƙuri, ya kyautata, kwana kaɗan ne. Wasu kan juya ta a kan baƙon, wato ya san shi mai wucewa ne, kada ya sa baki a rikicin gida. Ni fassarar farko ta fi kwanta mini, domin raɓa ba ta ɓarna, sanyi take kawo wa shuka. A lura kuma, raɓar asuba daban take da raɓa ta "raɓa da bango"; rubutu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su.

Na haɗa tambayoyin ne da gangan. Furen pukara yana da zaƙi, kuma da sassafe ake ɗibarsa, lokacin da raɓa ta cakuɗa da shi. Mata kan tara wani akushin katako a ƙarƙashin reshe su kakkaɓe shi, ruwan ya taru a sha. In rana ta ɗaga, sai a jira gobe.