Amsa: kamfan al'ada da zai kai ki asuba

'Yar'uwa, kin ce jinin yana ɓata miki zanin gado cikin dare, kina neman kamfan da zai riƙe.

Ki juya shi ki duba cikinsa kafin ki biya kuɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram ko a intanet. Ƙyallen da ke tsotse jinin ya haura baya har zuwa robar ƙugu. Wanda ya tsaya a tsakiyar cinya na rana ne, domin idan kika kwanta rigingine jinin baya yake gangarawa. Na kirki rufi uku gare shi: na jiki, mai tsotsewa, sai na waje da ba ya barin ruwa ya fita. Bakin cinya ya kama ki daidai, ta nan yoyo yake farawa idan ya yi sako-sako.

Kada ya wuce awa 12 a jikinki, balle da zafin Damagaram. Ki sayi guda 3, saboda yana jinkirin bushewa.

Wanki da ruwan sanyi, ruwan zafi kafe jinin yake yi. Ban da bilic, ban da guga, duk suna lalata rufin waje.

Idan kuwa yana jiƙewa duk bayan awa ɗaya, ki je ki ga ungozoma ko likita.