Tambaya da Amsa: Wace lambar asusu zan ba kuɗin shekara?

Tambaya: Muna sayar da intanet, abokan ciniki na biyan kuɗin shekara gaba ɗaya. Manhajar rasit tana neman lambar asusu daga babban littafin lissafi. Wacce zan sa?

Amsa: Malam, kada ka zuba duka a lambar kuɗin shiga, misali 4000. Watan farko zai nuna ribar ƙarya, sauran watannin kuma fayau. In an biya naira 129,000, ware 9,000 na harajin VAT (kashi 7.5) zuwa lambar haraji, misali 2200. Ragowar 120,000 bashi ne a wuyanka har sai ka yi aikin, ka ajiye shi a lambar kuɗin da aka biya kafin aiki, misali 2400. Duk ƙarshen wata manhajar ta kwashe naira 10,000 daga lambar 2400 zuwa lambar 4000. Lambobin kuma su zo daidai da na akanta, domin ko sifili ɗaya ya ɓace, shigarwar za ta maƙale.