Amsa ga mai son sauya tsarin wayarsa zuwa GrapheneOS

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka cire Android ɗin da wayarka ta zo da shi ka sa wani tsarin da ba ya kai wa Google rahotonka, kuma ko manhajojin banki za su ci gaba da aiki. Na jima ina amfani da GrapheneOS, kafin nan na taɓa LineageOS, bari in faɗa maka abin da na gani.

Duba irin wayarka tukuna. Tawa Pixel ce, don GrapheneOS a kan wayoyin Pixel na Google aka gina shi. Abin dariya ne, kana gudun Google ka sayi wayarsa, amma akwai dalili: Pixel tana bari ka sake kulle bootloader, wato ƙofar da ake buɗewa kafin a sauya tsarin waya, bayan ka sa sabon tsari, don haka duk kunnawar da ka yi sai wayar ta binciki ko an taɓa tsarin. LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, yana hawa wayoyi da yawa, sai dai a galibinsu ƙofar nan a buɗe take zama. Yana da kyau wajen farfaɗo da tsohuwar waya, amma ban ɗauke shi kariya ba. In za ka saya, nemi Pixel 8 ko sama, su aka yi wa alkawarin gyaran tsaro na shekara 7. Kada ka sayi wadda wani kamfanin layi ya kulle, wasunsu ba sa buɗuwa ko kaɗan.

Ɗora shi ba wuya, kebul ne da kwamfuta da shafinsu. Amma buɗe bootloader yana goge komai. Kwashe hotunanka, lambobin mutane, hirarrakin WhatsApp, musamman lambobin sirrin nan na tabbatar da shiga asusu, kafin ka taɓa komai.

Maganar banki ita ce mai ciwo. GrapheneOS yana bari ka sa Google Play a matsayin manhaja kamar kowace, ba ta da ikon shiga ko'ina sai inda ka yarje mata. Da haka yawancin manhajoji ke tafiya lafiya, saƙonni ma suna shigowa a kan lokaci. Amma wasu bankuna suna amfani da Play Integrity, su tambayi Google ko tsarin nan nasa ne, in aka ce a'a su ƙi buɗewa. Ɗaya daga cikin bankunana haka ya yi, sai ta burauza nake shiga. Biyan kuɗi ta hanyar kara waya da Google Wallet kuwa, cire rai da shi. Bincika bankinka kafin ka goge wayar.

Abin da ya riƙe ni a kai shi ne izinin da yake ba ni. Ina iya hana manhaja intanet ɗungurungum. Ina iya nuna wa WhatsApp lambobin mutanen da na zaɓa kawai, ita kuma ta zaci duka ke nan. Haka ma hotuna. Manhajojin da ban yarda da su ba na ware musu ɗaki daban a wayar, in na rufe ɗakin sun yi barci.

Sai dai ka tambayi kanka wa kake ɓoye wa. In ka sa sabon tsari, ka dawo da Facebook da TikTok, ka danna musu "na yarda" a kan komai, su ba abin da ya sauya musu. Kamfanin layinka ma yana sanin yankin da kake muddin sim na ciki. In kana da wayar da kake ciki yanzu, kada ka sayar da ita nan take, bar manhajar bankin a kanta har ka ga yadda sabuwar ta karɓe ka.