Filin Lambun Gida: Tumatir Ya Yi Fure, Ya Ƙi 'Ya'ya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo, ya gida, ya jikoki? 'Yarki ce daga Gusau. A watan Fabrairu na cika buhuna 12 da ƙasa na jera a jikin katanga, shida na yafa alayyahu, shida na dasa tumatir. Alayyahun dai sai hamdala, sau uku ina yanka, har maƙwabta sun ci. Tumatirin kuwa ya kai ƙuguna, ganye shar, ya yi fure rututu, amma furen sai ya bushe ya kaɗe. Guda bakwai da suka tsaya, gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Ina zuba masa yuriya duk sati. Maigida kullum zolayata yake, wai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Surukata kuma ta ce hannuna ne ba ya karɓar shuka. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaida min surukarki da kyau, ki ce ina ba ta haƙuri, amma hannun da ya ciyar da maƙwabta alayyahu sau uku ba za a ce ba ya karɓar shuka ba. Lokaci kika kuskure.

Tumatir ɗan hunturu ne a ƙasarmu. Wanda kika dasa a Fabrairu sai ƙarshen Maris zuwa Afrilu zai yi fure, lokacin da zafi a Gusau da Kano ke taɓa digiri 40. A cikin furen akwai wani gari mai laushi, shi ne ke sa ɗa ya ƙullu. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin nan sai ya lalace, fure ya bushe ya faɗi. Ga ki kuma kin jera buhunan a jikin katanga. Ki dafa katangar nan bayan sallar isha'i ki ji, zafin da ta sha da rana shi take amayarwa cikin dare. Alayyahu ko a jikinsa, shi zafi ma ƙara masa kuzari yake.

Ki lura da masu noman rani na Bakalori kusa da ku, ko na Kadawa a nan wajenmu. Suna zuba iri bayan ɗaukewar damina, su dasa da shigowar sanyi, shi ya sa kwandon tumatir ke araha a Janairu da Fabrairu, ya koma sai mai hali a Mayu da Yuni. Ni a farkon Oktoba nake zuba nawa a tsohon baho, bayan sati huɗu in dasa da yamma, kafin ƙarshen Janairu na daina aiken yaro wajen mai kayan miya.

Baƙin gindin nan ba tsutsa ba ce, kada ki ɓata kuɗi kan feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba, kuma ruwa ne ke ɗauke shi daga ƙasa ya kai shi can. Buhu na saurin bushewa. In yau kin cika shi har ya malala, gobe mai ruwa bai zo ba ya wuni da ƙishirwa, to abin da za ki gani ke nan. Gara ruwa kaɗan safe da yamma ba fashi. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe. Na san za a ce miki ki daka ɓawon ƙwai ki zuba. Ba laifi, amma kafin ya narke a ƙasa kakar ta wuce.

Yuriya kuwa ki bar wa alayyahu. Ita ganye take sa wa, shi ya sa naki ya yi shar kamar ɗan gata. Tumatir ruɓaɓɓen takin gida ya fi so, sai ɗan kamfa kaɗan nesa da gindi. Na ce ruɓaɓɓe ne don na sha wuya. Shekarar da na fara, na kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki na zuba wa gindi 20, kwana uku duk suka ƙone, har yau yarana suna tuna min.

Yanzu dai ki tuge su, ki shuka kuɓewa da yakuwa da lalo a buhunan, za su kai ki damina.

TAMBAYA: Salam Hajiya. Ni direba ne a Katsina. Na sayo wa uwargida tukwane huɗu na furen ros daga Jos, da kyansu kamar a hoto. Wata ɗaya bai cika ba uku suka mutu. Wane fure ne zai jure mana?

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri, ba kowane maigida ke tuna iyalinsa da fure a kan hanya ba. Jos tudu ce, tsayinta ya kai kusan mita 1,200, iskarta daban. Shukar da ta tashi a can ka dire ta a tsakar gidan siminti a Katsina dole ta galabaita. Wanda ya rage ka mai da shi inda zai sha hantsi kawai ya huta da azahar, ka datse masa furen da ƙananan rassa ya samu ya farfaɗo, ka kuma duba ko tukunyar tana da huji a ƙasa.

Nan gaba ka sayi wanda aka rena a garinku. Bogambiliya, mai hawa katangar nan da jan fure ko ruwan hoda, in ka rage mata ruwa ma ta fi yin fure. Kariya ita ma haka, da rani tsakiya take ado, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki. Ni dai a ra'ayina babu kamar lalle. Furensa ƙanana ne, ba abin nuna wa baƙi ba, amma ƙamshinsa da almuru ya fi na ros ɗin, ga ganye na ƙunshin sallah.

TAMBAYA: Gwaggo, ɗalibarki ce daga Zariya. Ganyen tumatirina yana yin fararen tabo kamar takarda, in na ɗaga a rana ina hango tsutsa a ciki.

AMSA: Da alama Sharon ce ta ziyarce ki, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ita ce ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Tana shiga tsakanin fatar ganye biyu, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. Sa'arki gindi kaɗan gare ki. Kowace safiya ki tsinke ganyen da ya kamu ki ƙone, kada ki jefa a bola kusa. Ki daka 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu, ki jiƙa a ƙaramin bokiti ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma sama da ƙasan ganye duk bayan kwana biyar. In ta riga ta shiga 'ya'yan, ki tuge gindin gaba ɗaya, kuma kada ki maye gurbin da gauta ko dankalin turawa, su ma tana cin su.