Amsa ga Malamar da hoton darasinta ya yi kyau amma yara ba su gane ba

Malama, sannu da ƙoƙari. Na duba hoton da kika haɗa a manhajar zane ta Canva na yadda ruwa ke tashi daga teku, ya zama gajimare, ya dawo ƙasa. Kin ce ɗalibai sun yaba kyansa, amma da kika yi musu tambaya kowa ya yi zuru. Na jima ina haɗa irin waɗannan hotuna, kuma ramin da kika faɗa ni ma na taɓa faɗawa.

Kar ki ji haushi, hoton ya cika. Na ƙirga launi bakwai da salon rubutu huɗu, ga tsuntsaye, ga kwale-kwale, ga rana tana murmushi. Idon yaro ya sauka bai san inda zai fara ba, sai ya zarce wurin kwale-kwalen. Tun 1988 John Sweller, masanin harkar koyo a Ostareliya, ya yi bayanin cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya juyawa a lokaci guda kaɗan ne. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya kuma ya gwada, ya ga ɗalibai sun fi fahimta idan aka cire adon da bai shafi darasi ba. Saboda haka kafin ki ƙara komai, fara da sharewa. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane abu: in na cire ka, me yaro zai rasa? Kwale-kwalen nan ba shi da amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanin da kika tara a akwati can ƙasa. Na taɓa zana zuciyar ɗan Adam, na sa lambobi 1 zuwa 9 a jiki, na jera ma'anarsu a gindin takarda, ina ta jin daɗi wai na yi aiki mai tsabta. Da na tsaya a bayan aji sai na ga yatsun yara suna hawa suna sauka, kafin yaro ya gano lamba 6 ya manta abin da yake nema. Washegari na rubuta kowane suna a gefen abinsa da ɗan siririn layi, surutun "Malam ina ne wannan?" ya ragu ƙwarai. Ido yana ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin abu ɗaya, sai ki yi amfani da hakan: kalmar tururi ta zauna a jikin kibiyar da ke hawa sama. Lambobi kuwa ki bar su don nuna wanne ke gaba da wanne, kibiyoyin kuma su bi hanya ɗaya, kaurinsu ɗaya.

Sai launi. Kin bambanta ruwan da ke hawa da mai sauka da ja da kore kawai. A ƙiyasin da aka fi ambata, kusan namiji ɗaya cikin 12 na da matsalar bambanta launuka, galibi ja da kore ɗin, kuma yaro ba zai faɗa miki ba, don shi ma bai sani ba. Ƙara wata alama: kibiya ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya ɗigo-ɗigo. Hakan zai cece ki ranar da aka buga hoton baƙi da fari, inda ja da kore kan koma toka-toka. Rubutu shuɗi a kan teku shuɗi ma bai fita ba. Ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. In lissafin ya yi miki nisa, baƙi a kan fari ba ya ba da kunya.

Salon rubutu biyu sun isa, na take da na bayani, take ya fi komai girma. Amma duba kalmar "ƙasa" a hotonki: ƙ ɗin ta fita daban da 'yan uwanta, domin salon da kika zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, manhajar ta aro daga wani. Salon rubutu na Noto Sans yana da ƙ, ɗ da ɓ. Andika ma haka, shi don masu koyon karatu aka ƙirƙire shi.

Idan kin gyara, manna shi a allo, ki koma kujerar ƙarshe ki karanta. Sannan ki nuna wa wanda bai san darasin ba na ɗan lokaci, ki kife, ki ce ya faɗa miki daga ina ruwan ya taso, ina ya nufa. Ki sake turo mana mu gani.