Kun Tambaya, Mun Amsa: Katin Guzuri da Cajin da Ke Cin Kuɗin Matafiyi

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga Sakkwato suka zo, kuma duk a kan abu guda suke: yadda mutum zai kashe kuɗinsa a ƙasar waje da kati ba tare da caji ya cinye masa guzuri ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Umra da iyalina. Wani banki sun ce katinsu na dala kyauta ne, wani kuma sun ce sai na biya kuɗin kati. Wanne zan ɗauka? Daga wani Alhaji, Runjin Sambo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kuɗin yin kati shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka biya, don haka kada ka yanke hukunci a kansa. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne farashin canji.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali. A ce banki na farko yana karɓar dala 10 kuɗin kati, yana kuma sayar maka da dala a kan naira 1,500. Na biyu katinsa kyauta ne, amma dalarsa naira 1,530. Idan dala 1,000 za ka zuba, na farko zai ci maka naira 1,500,000 da ƙarin 15,000 na kati. Na biyu zai ci 1,530,000. Ka ga katin da aka ce kyauta ya fi tsada da naira 15,000, kuma duk lokacin da ka ƙara kuɗi a cikinsa sai tazarar ta ƙaru.

Kati iri uku ne za ka tarar. Akwai katin naira da ke aljihunka yanzu. A 2022 bankuna sun rage abin da za a iya kashewa da shi a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane banki da iyakarsa. Matsalarsa ita ce ba ka san farashin da za a cire maka ba sai ranar da ka yi sayayya. Akwai katin da ke jingine da asusun dala, wanda duk abin da ke cikin asusun yana iya fita ta kansa. Sai na uku, katin da ake zuba masa kuɗi tun kafin tafiya, abin da ka zuba shi kaɗai yake ɗauke da shi. Ga mai tafiyar mako biyu ko uku, na ukun muka fi so: ka riga ka sayi dalarka a farashin da ka sani, kuma ko an sace katin, ɓarawo ba zai kai ga babban asusunka ba.

Idan ka shiga banki, ka nemi a ba ka takardar caje-caje a rubuce, ka duba kuɗin zuba kuɗi, kason da suke ƙarawa idan ka sayi abu da kuɗin da ba dala ba, kuɗin cira a na'ura, kuɗin kula da kati na shekara, da iyakar abin da za ka iya cira a rana. Sannan ka yi wa ma'aikacin tambaya guda: idan na biya riyal 1,000 a shago a Makka, dala nawa za a cire mini? Amsar tana da sauƙin aunawa, domin tun 1986 riyal ɗin Saudiyya yake ɗaure da dala a kan 3.75. Riyal 1,000 dala 266.67 ne. Duk abin da ya hau kan wannan, caji ne, ko da wane suna aka kira shi. Bankin da ya ce maka dala 274 da 'yan kai, kashi 3 cikin ɗari yake ɗauka. Ka kai wannan tambayar banki biyu ko uku, za ka ga bambancin da idonka.

Ka kuma tabbatar tambarin Visa ko Mastercard ne a jikin katin. Verve yana aiki sosai a gida, amma ba katin da za a dogara da shi a Saudiyya ba ne.

Tambaya: A wani shagon turare a Madina na ba da kati, sai na'urar ta nuna rubutu biyu, dala da riyal. Yaron shagon ya danna dala, ya ce ai katina na dala ne. Da na dawo ɗana ya duba ya ce an cire fiye da ƙima. Mi ya faru? Daga wata Hajiya, Mabera.

Amsa: Hajiya, ɗanki ya yi gaskiya, kuma wannan yana kama matafiya da yawa, har waɗanda suka saba tafiya. Idan aka danna riyal, kamfanin katinki ne yake yin canjin, a farashin da ke kusa da na kasuwa, bankinki ya ɗora ɗan kasonsa. Idan aka danna dala, bankin da ya ba shagon na'urar shi yake yin canjin nan take a farashin da ya ga dama, kuma ƙarin yakan kai kashi 4 ko 5 cikin ɗari, wani lokaci fiye da haka. Shagon ma yakan samu rabonsa a ciki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ganin dala a fuskar na'ura yana kwantar da hankali, mutum yana ganin ya san abin da ya biya.

Dokar guda ce a ko'ina: a biya da kuɗin ƙasar da ake ciki. A Saudiyya riyal, a Dubai dirhami, a Masar fam, a Turkiyya lira. Ki riƙe na'urar ki duba da kanki kafin ki sa lambar sirri. Idan an riga an zaɓi dala, ki ce a soke a sake, haƙƙinki ne, domin ƙa'idar kamfanonin katin ta ce mai kati ne ke zaɓa. Ki karɓi rasit, za ki ga farashin da aka yi amfani da shi a ƙasansa. Na'urar cirar kuɗi ma tana yin irin wannan tambayar, ta ce ko kin yarda da canjinta. Ki danna a'a. Kuɗin zai fito duk da haka.

Tambaya: Ya fi kyau in riƙa cirar kuɗi kaɗan-kaɗan don gudun ɓata, ko in cira da yawa? Daga wani malamin makaranta, Tambuwal.

Amsa: Malam, cirar kaɗan-kaɗan ita ta fi tsada. Kuɗin cira yawanci ƙayyadadde ne a kowane zuwa, kuma sau da yawa biyu ne: na bankinka da na mai na'urar. A ce su biyun sun kama dala 5. Ka ciri riyal 200, wato dala 53, ka biya sama da kashi 9 cikin ɗari. Ka ciri riyal 1,000, cajin bai kai kashi 2 ba. Ka cira sau biyu ko uku a duk tafiyar, ka raba kuɗin, wasu a jiki wasu a akwatin ajiya na ɗaki. Abinci a manyan kantuna, magani, tikitin jirgin ƙasa na Haramain tsakanin Makka da Madina, duk ka biya da kati kai tsaye. Tsabar kuɗi ka bar wa aski, sadaka, tasi da 'yan tsarabar bakin hanya.

Ka zaɓi na'urar da ke jikin ginin banki, da rana. Idan ta haɗiye kati akwai wanda za ka yi wa magana. Lambar sirri kuwa idan ka yi kuskurenta sau uku katin ya rufe, kuma buɗe shi daga waje wahala ce.

Tambaya: Ina fatauci tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, wani lokaci har Yamai. Katin dala zai amfane ni? Daga wani ɗan kasuwa, Illela.

Amsa: Alhaji, amfaninsa gare ka kaɗan ne. Sefa da yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 655.957. Da katin dala sai nairarka ta koma dala, dalar ta koma sefa, kowane juyi da nasa yankan. Kasuwar Ƙonni kuma da tsabar kuɗi take ci. Ga cinikin yau da gobe, canjin da ka saba yi wajen amintaccen ɗan canjinka, naira zuwa sefa juyi ɗaya, ya fi maka. Kati sai don otal a Yamai ko tikitin jirgi, ko ya zama madogara idan kuɗin hannu ya ƙare.

Tambaya: Na sauka otal a Dubai, sun ce in ba da kati don jingina. Washegari na je sayen kaya kati ya ƙi, alhali na san akwai kuɗi a ciki. Sace mini aka yi? Daga wani mai shagon atamfa, Babbar Kasuwar Sakkwato.

Amsa: Ba sata ba ce, Alhaji, riƙewa aka yi. Otal yakan sa a kulle wani adadi a katin baƙo, kuɗin kwana da ƙarin abin da zai iya ci ko ya lalata. Kuɗin yana nan amma ba ya taɓuwa. Bayan ka bar otal ɗin ana sakinsa, wani lokaci cikin kwana uku zuwa bakwai, wani lokaci sai ya ja har kwana 30. Wannan shi ne babban raunin katin da ake zuba wa kuɗi, domin jarinka ne aka kulle, kuma a daidai lokacin da kake bukatarsa. Masu ba da hayar mota ma haka suke yi, da yawansu ba su karɓar irin wannan katin ko kaɗan.

Maganinsa, tun a teburin karɓar baƙi ka tambayi nawa za su riƙe, ka ce za ka ba da jinginar da tsabar kuɗi a ba ka rasit. In sun ƙi, ka ba su kati na biyu mai ɗan kuɗi a ciki, ka ɓoye na sayen kaya. Ranar fita ka ce su soke riƙon a gabanka su ba ka takardar shaida. Idan wata ya wuce kuɗin bai dawo ba, ka kai ƙorafi a rubuce bankinka tare da takardar, ka karɓi lambar ƙorafi. Mako biyu ba su warware ba, sai ka ɗaga zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Akwai wasu dalilan da ke sa kati ya ƙi. Bankin bai san ka yi tafiya ba sai ya zaci damfara ce, don haka ka sanar da su ƙasar da ranakun, ka kuma kunna amfani da kati a waje a cikin manhajar banki. Ko lambar tabbatarwa tana zuwa layinka na Najeriya, kai kuwa ka cire shi ka sa na can. Ka bar layin gida a waya, ka sa a buɗe masa aiki a waje tun kana gida. Kafin ka kama hanyar filin jirgin Sultan Abubakar III ka gwada katin da ɗan sayayya, ka tabbatar yana aiki kuma kwanan wa'adinsa bai zo ba.

Tambaya: Zan kai mahaifiyata asibiti a Alƙahira. An ce banki ba ya ba da dalar PTA, wato dalar guzuri da banki ke sayar wa matafiyi, a hannu yanzu. Kuma wani abokina ya ce in yi katin Wise ko Revolut. Daga wata 'yar'uwa, Arkilla.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa biyan PTA da BTA, wato guzurin tafiyar kasuwanci, ta hanyoyin lantarki irin su kati. Iyakar PTA dala 4,000 ce a kowane wata uku, BTA na 'yan kasuwa dala 5,000. Za ki cike Fom A, wato takardar neman sayen dala, ta intanet, da BVN, fasfo, biza da tikitin zuwa da dawowa. Ki fara da wuri, kada ki bari sai saura kwana biyu. Kuɗin asibiti kuwa yana da nasa tsarin daban a Fom A, wanda banki ke turawa asusun asibitin kai tsaye idan kin kawo takardunsu, sai PTA ɗin ya zame muku na masauki da abinci.

Wise da Revolut, kamfanonin hada-hadar kuɗi ta manhaja na ƙasar waje, suna da sauƙin caji, amma ba su ba wanda ke zaune a Najeriya kati. Masu cewa za su buɗe miki da adireshin wani a Ingila suna jefa kuɗinki cikin haɗari, ranar da kamfanin ya gane sai ya rufe asusun. Katin dala na cikin manhaja wanda ba shi da jiki, na sayayyar intanet ne, ba za ki ciri kuɗi da shi a na'ura ba. Ki tafi da kati biyu na banki daban-daban, ɗaya Visa ɗaya Mastercard in da hali, da 'yar tsabar dala ta ko-ta-kwana. Tsabar da ta wuce dala 10,000 sai an bayyana wa jami'an kwastan a filin jirgi.

Tambaya: In kuɗi ya rage a katin bayan na dawo fa? Daga wani ɗalibi, Gawon Nama.

Amsa: Idan kana da wata tafiya cikin shekara, ka bar shi a dala, amma ka tambaya ko suna yankan kuɗin kulawa ko na rashin amfani da kati, domin dala 30 da aka manta da ita haka take narkewa. Idan babu tafiya, ka nemi a mayar maka da shi asusun dala. Mayar da shi naira ta hannun bankin yana nufin za su saya a ƙasa da yadda suka sayar maka. Shi ya sa muke cewa a zuba kamar kashi uku cikin huɗu na guzuri tun farko, sauran a bar shi a asusu, a ƙara ta manhaja daga can idan bukata ta taso.