An yanki yaron shagona, ɓarawon kuma yana yawo a unguwa

Wani mai kantin kayan masarufi a Sabon Gari, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Wani matashi ya sunkuce gwangwanayen madara, yaron shago ya riƙe shi, shi kuwa ya zaro wuƙa ya yanke shi a hannu. An kai ɓarawon kwamisariya, bayan kwana 3 sai ga shi a unguwa. Yaron ya ce zai bar aiki. Alhaji na tambaya ko ya aje adda ƙarƙashin kanta.

Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya. Adda kam kada ka aje. Ran da aka sari ɓarawo da ita, kai ko yaronka ne za ku kwana gidan kaso. Ka kafa doka a shagonka: wanda ya zaro makami, a bar masa kayan, a lura da kamanninsa da inda ya nufa, a kira 17, lambar ƴan sanda. Ka faɗa wa yaron da bakinka cewa ba za ka cire asarar daga albashinsa ba, domin tsoron cirewar ne ke sa yara kama kokawa da mai wuƙa. Kuɗin magani naka ne. In yana da rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, ka kai rahoton haɗarin aiki da wuri.

Sakin da aka yi wa ɓarawon yana da ciwo, amma sau da yawa daga wajenmu ƴan kasuwa ƙarar ke mutuwa. Ƴan sanda na tsare mutum awa 48, ana iya ƙarawa, daga nan sai a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara ko a sake shi. A wannan tsakanin ne dattawa ke zuwa roƙo, mai kaya ya ji nauyi ya ce ya yafe. Ba takardar likita, ba shaidu. Alhali doka ta bambanta satar ɗauki-ka-gudu da sata da makami, rauni kuma laifi ne na daban. Ka kai yaron asibiti a rubuta takardar da ta faɗi girman raunin da kwanakin da ba zai iya aiki ba. Ka samu maƙwabta 2 da suka gani, ka rubuta kayan da farashinsu, ka adana takardun magani. In shiru ta yi yawa, ka rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara a kotun Zinder, ku nemi diyya. In ɓarawon bai kai shekara 18 ba, alƙalin yara ne zai duba. Yafiyar jinin kuwa ba taka ba ce, ta yaron ce.

Ka yi lissafi kuma. In ribarka rabin jikka ce a cinikin jikka 5, kayan jikka 5 da aka sace sai ka yi cinikin jikka 50 kafin ka mayar da su. Don haka madara, sabulu mai tsada, batir da turare su koma bayan kanta. Buhunan shinkafa da jarkokin mai su tsaya bakin ƙofa. Kada aljihun tebur ya wuce kuɗin canji, kamar jikka 10. Ka kwashe sauran da azahar da la'asar. Magariba da lokacin ɗauke wuta, kada a bar yaro shi kaɗai, a sa fitilar sola a ƙofa. Duk Juma'a ka ƙidaya kaya iri 10 da suka fi fita ka gwada da littafi.

Mai gadi ya fi sauƙi in shaguna 10 na layi suka haɗa kuɗi. A zaman da za ku yi, ku yi alkawari gaban mai unguwa cewa ba wanda zai sayi madara ko sabulu a rabin kuɗi daga hannun yaro marar shago, tunda mai sayen kayan sata shi ma doka na hukunta shi.